Tauraron da Tafiyarsa Ta Tona Asirin Abokinsa

Daren jiya wuta ta ɗauke a layinmu na Agege, janareton maƙwabci ma ya ƙi tashi, sai muka hau saman bene da tabarma ni da ɗana Sadiku. A Legas samun duhu irin wannan sai an dace. Wajen sha biyun dare, ga wani farin tauraro ya tsaya cak a tsakar kanmu. Na ɗaga waya, manhajar taurari ta ce Procyon ne, wanda Larabawa ke kira Shi'ira ta Sham.

Kakata a Gumel Kaza da 'Ya'yanta da Zara kawai ta koya mini. Wannan kuwa da girmana na san shi. Haskensa na shafe shekara 11 da rabi kafin ya iso mu, ke nan abin da muka gani ya taso tun Sadiku bai zo duniya ba. Idan aka gwada shi da ranarmu, nauyinsa ya kai ninki ɗaya da rabi, faɗinsa ninki biyu, haskensa kusan ninki bakwai. Haidirojin, wato makamashin da ke ci a tsakiyarsa, ya kusa ƙarewa, shi ya sa ya fara kumbura. Ya bar samartaka amma bai zama ƙato ba tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne abokin tafiyarsa. A kasuwar Mile 12, in ka ga ɗan dako yana tangaɗi daga nesa, ba sai ka ga buhun ba, ka san albasar da nauyi. Haka wani Bajamushe masanin taurari, Friedrich Bessel, ya yi a 1844: ya lura tauraron ba ya tafiya sak, yana karkacewa, ya ce lallai akwai mai jan sa. Ya rasu bai gan shi ba. Sai 1896 John Schaeberle ya hango shi da babban madubin hangen nesa a Amurka. Ashe gawar wani tsohon tauraro ce, girmanta bai fi duniyarmu da yawa ba, amma nauyinta ya haura rabin na rana. Duk shekara 41 suke kammala zagaye juna.

Sadiku ya ƙanƙance ido ya ce, "Baba, ni ɗaya nake gani."

Na ce ni ma haka, haske ya shanye ƙaramin. Bai gamsu ba, ya karɓi wayar yana ta zuƙo hoton da yatsu har sauro ya kore mu.