Albashin farko, da abin da ya rage a ciki

Juma'a, 30 ga Janairu, 2026

Alat ya shigo muna fitowa daga masallaci. Ina tsugune ina neman takalmina a cikin cunkoso na ji wayar ta motsa a aljihu, na ciro na duba: N200,187.50. Na goge fuskar wayar da bakin riga na sake dubawa, bai canza ba. Takardar ɗaukar aiki da aka ba ni a farkon wata dubu 250 ta ce, kuma a kan dubu 250 ɗin na riga na yi rabo: buhun shinkafa kafin azumi, kuɗin makarantar yarinya, ɗan abin da zan kai wa Inna. Kusan dubu hamsin ta yi ɓatan dabo.

Ko abinci ban tsaya ci ba, na wuce ofishin akanta. Dattijo ne mai sanyin magana, gilashinsa kullum a kan karan hanci. Na yi sallama na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin an yi kuskure a nawa." Ya yi murmushi ya ce duk sabon ma'aikaci da wannan maganar yake fara shigo masa. Ya buga min takardar albashina, ya ja kujera ya ce in zauna, ya ɗauko jan biro.

Layin farko fansho ne, dubu 20 cif. Ya ce dokar fansho ta 2014 ce ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin 100, kamfani kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Wato duk wata dubu 45 ke shiga asusu mai sunana a kamfanin kula da fansho, ba na iya taɓawa sai na yi ritaya kuma na kai shekara 50, sai fa idan aiki ya kuɓuce na yi wata huɗu a zaune, nan ana barin mutum ya ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan bai dame ni sosai ba. Kuɗina ne, an dai kulle min shi. Abin da ke raina kawai shi ne me dubu 45 ta yau za ta saya ranar da na tsufa, ganin yadda naira ke tafiya.

Na biyu N6,250 na asusun gidaje na ƙasa, kashi biyu da rabi, wanda ke hannun bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. A nan ya rage murya ya ce tun gyaran doka na 2023 ba dole ba ne ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa, na gwamnati ne ya zame wa tilas. In ba na so, in rubuto a cire ni. Ban yanke shawara ba tukuna.

Sai babban, haraji: N23,562.50. Na ce masa, "To Baba, ba an ce sabuwar doka ta yafe wa talaka haraji ba?" Ya yi dariya har da tari. Ya juya takardar ya yi min lissafin a bayanta, layi-layi. Albashina na shekara miliyan 3. A cire fansho dubu 240, a cire na gidaje dubu 75, saura 2,685,000. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ran 1 ga wannan watan, ta ce dubu 800 ta farko babu ko sisi a kanta. Abin da ya hau kai, har zuwa miliyan 3, shi ake cire wa kashi 15. Nawa da ya hau kai 1,885,000 ne, harajinsa 282,750 a shekara, a raba gida 12. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, ta zo daidai har da kwabbai. Ya ce mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 shi ne kusan ba a taɓa shi, ni kuwa a idon doka na wuce nan. Da tsohon tsarin ne ma, in ji shi, da an cire min fiye da haka da dubu ɗaya da 'yan kai.

Na ɗauka Abuja kuɗin ke tafiya, ashe hukumar tattara haraji ta jihar da mutum yake zaune ake kai wa, nawa na Kano ne, kuma kamfani zai miƙa kafin 10 ga watan gobe. Gaskiya abin da ya fi tsaya min shi ne yadda ake ɗaukar mutum aiki a rubuta masa jimla da manyan lambobi, babu mai ce masa ga abin da zai riƙe a hannu. Layi ɗaya a takardar ya isa. Mai albashi ba shi da maɓoya, tun kafin kuɗin su iso shi an yanka, alhali na san masu shaguna da cinikinsu na yini ya fi albashina na wata.

Har na miƙe ya ce, "Haya kake ko gidanku ne?" Na ce haya, dubu 400 a shekara. Ya ce akwai rangwame: kashi 20 na kuɗin hayar ake cirewa daga abin da za a yi wa haraji, iyakarsa dubu 500. Nawa dubu 80 ke nan, zai rage min dubu ɗaya a wata. Ba yawa, amma ko kuɗin Adaidaita ne. Sharaɗin shi ne in kawo shaidar biya. Nan gizo ke saƙa, don mai gidanmu bai san wani abu rasit ba. Wani tsohon littafin makaranta gare shi mai bangon da ya sha maiƙo, in ka biya ya rubuta sunanka da fensir ya ce Allah ya yi albarka.

Da daddare na nuna wa maiɗakina takardar. Ta bi jan biron da yatsa har ƙasa, ta ce a sayi rabin buhu, na Inna kuma kada a rage ko naira. Gobe bayan la'asar zan je wurin Alhaji mai gidanmu da maganar rasit, sai na san yadda zan faɗa masa kada ya ji kalmar haraji ya zaci shi zan jawo wa.