Abin da bangon wani littafin almara ya koya mini

Idan kamfanin wallafa ya ce a sake wa littafi bango, ba lallai ne tsohon ya yi muni ba. Wanda aka ba ni in sake, na wani ƙagaggen labarin almara, hannun gwani ne ya zana shi: ga jaruma riƙe da takobi, ga dodo mai fukafukai yana aman wuta, ga ganuwar birni, ga wata ya cika fal a sama. Komai ya zanu, sai dai taron tsintsiya ne ba shara. Irinsa sun cika kanta, mai saye ba ya iya bambance shi da na kusa da shi. Dodon da ya cinye rabin bangon ma a babi ɗaya kawai ya leƙo ya wuce.

Edita ya turo mini taƙaitaccen bayani na shafi guda, amma na zauna na karanta littafin tun daga farko har ƙarshe, riƙe da fensir. Alamar da za ta iya ɗaukar littafi ba ta fitowa a taƙaitawa. Tana cikin abin da marubuci ke ta komawa kansa, wani lokaci shi ma bai lura ba. Labarin wata mata ne da ta gaji tsaron ƙofar birni, kullum rana na faɗuwa sai ta kulle don kada halittun daji su shigo. Can dab da ƙarshe mai karatu ke gane cewa abin da ake gudu a cikin birnin yake, kuma jinin zuriyarta ne ke ɗaure da shi. Da na duba inda fensir ya taɓa, takobi jefi-jefi ne. Makulli, kwaɗo, sakata, ƙarar ƙofa in an turo ta, su ne kusan a kowane babi.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar a sa macijin nan mai haɗiye wutsiyarsa, tunda labarin na gado ne mai zagayowa. Tsohuwar alama ce ƙwarai, an same ta a kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, tun ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa. Ma'anarta ta yi daidai, amma kayan aro ce. Babu maciji a littafin, kuma an sha ganinta a banguna har ta daina cewa komai face “wannan littafin na da zurfi”. Alama irin wannan mai zane take yi wa ado, marubuci bai ƙaru da ita ba.

Abin da na tsaya a kai ramin makulli ne. Dubi siffarsa da kyau: da'ira a sama, ƙasa ya buɗe kamar doguwar riga. Mutum ne a tsaye. Na zana ƙofar katako baƙa ƙirin ta cika bangon, a tsakiyarta ramin makulli, haske na fitowa daga ciki. Sai na ɗan taɓa gefunansa kaɗan: na saukar da wurin kafaɗa, na karkata da'irar kamar kan da ya ɗan sunkuya. Wannan dabara ta sa ido ya ga abu biyu a siffa ɗaya sananniya ce. Edgar Rubin, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Denmak, ya yi nazarinta a 1915 da hoton nan da kan zama tulu ko fuskoki biyu suna kallon juna. Wahalar tana wajen awo. In ka ƙara mata hannu, ta zama mace, ramin ya ɓace. In ka rage, babu wanda zai gan ta. Ina son mai saye ya ga ƙofa a kulle ya ji yana son leƙawa, in ya gama karatu ya juyo bangon ya ga ashe ita ce kullen. Bango mai kyau sau biyu ake karanta shi, kuma karatu na biyu bai kamata ya tona asirin labari ga mai na farko ba.

Launi ban dogara da ma'anarsa ta gama-gari ba, don ba ta tsayawa wuri ɗaya: fari launin makoki ne a Sin, ja kuma na murna. Launi yana aiki ne in an kafa masa doka aka bi ta, kamar yadda kamfanin wallafa na Penguin ya yi wa bangunan littattafansa a 1935, ruwan lemo na ƙagaggun labarai, kore na labaran binciken laifi. Dokata ɗaya ce: waje duhu, ciki haske mai ja-ja wanda bai kwantar da hankali ba.

Masu talla suka ce ai babu wanda zai san almara ce, zai zaci labarin kisan kai ne. Gaskiyarsu. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma mai neman almara yana da hakkin ya gane abinsa daga nesa. A nan dodon ya dawo, amma a matsayin sassaƙa a jikin ƙofar, tare da sauran halittun dajin, an shafe su da ƙyalli ta yadda sai an karkata littafin suke bayyana. Sunan littafin kuma na rubuta shi da haruffa masu kamar ƙarfen da maƙeri ya lanƙwasa.

Saura gwaji biyu da ba na tsallakewa. Na ƙanƙance hoton ya koma girman babban ɗan yatsa, yadda ake ganinsa a waya. Sassaƙar ta ɓace, ramin makullin ya tsaya daram. Sannan na nemi gwajin bugu a takarda, domin allo da haske uku yake haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, kuma jan da ke walƙiya a kwamfuta yakan fito a dushe. Na ƙara masa rawaya, na bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, na miƙa wa maɗaba'a.