Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardu Biyu a Gaban Alƙali

Makon jiya na tsaya a inda kawuna ya shigar da ƙara a kotun Tawa, bayan dangin tsohon mijina sun ɗauki ɗiyata da sunan za ta yi sallah wurin kakarta, suka ƙi maido ta. Lokacin shekarunta 4. Kafin in kai ku zaman kotun, bari in faɗi yadda aka yi na tashi da takardun likita biyu masu ƙaryata juna.

Ciwon nawa ga yadda yake zuwa. Ina cikin aiki sai in ji wari kamar ana ƙona roba, wani abu ya taso mini daga ciki zuwa ƙirji, daga nan ban san inda nake ba. Waɗanda ke kusa sun ce ido nake ƙurawa wuri ɗaya, ina tanɗar baki, ina murza bakin zanena, ko an kira sunana ba na amsawa. Bayan minti ɗaya ko biyu sai in yi ta magana ba kan gado kafin in dawo hayyacina. Ban taɓa faɗuwa ina shure-shure ba, shi ya sa ba wanda ya kawo farfaɗiya a ransa. Uwar mijina ta ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, shiru. Daga baya baban yarinyar ya kai ni wurin wani lokotoro, mijin nawa ne ya yi bayanin komai ina zaune, aka rubuta taɓin hankali, aka ɗora ni a kan Haldol.

Maganin nan shi ya gama da ni a idon unguwa. Wuyana ya sage, hannuwana suna rawa, yawu na zuba ban sani ba, tafiya ma sai ina jan ƙafa. Duk wanda ya gan ni a bakin famfo a wannan hali, me kuke so ya ce?

Bayan saki yayata ta ce in taho Yamai. Muka bi ta Konni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar sama da kilomita 500, na sauka gidanta a Bukoki. Ita ta kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya sa aka kwance mini kitso, aka liƙa mini wayoyi a fatar kai da wani abu mai danƙo, aka ce in rufe ido, in buɗe, in yi ta jan numfashi da ƙarfi, suna haska mini fitila mai walƙiya. Da ya duba sakamakon, ya kuma saurari yayata, ya ce farfaɗiya ce, irin wadda ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, ba lallai ta kayar da mutum ba. Ya janye mini Haldol a hankali, ya rubuta Tegretol. Jikina ya saki, ciwon ya ɗauke.

To, ranar zama kowa ya zo da tasa takardar, kowace da hatimi da sa hannu.

Ga waɗanda ke karantawa daga Najeriya: mu nan Nijar ba mu da kundin dokar iyali, wanda aka so kawowa a 2011 ma adawa ta sa an ajiye shi. Maganar aure, saki da riƙon yara, alƙali da al'adar masu shari'ar yake aiki, kuma akwai malamin da ke zama gefensa yana ba shi shawara. Malamin ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗiya mace har ta tare gidan mijinta, a al'adar da aka saba kuwa ana bar mata yaro har shekara 7. Ta ko'ina aka bi, ɗiyar shekara 4 tawa ce. Sai dai riƙo yana da sharaɗi, cikinsu har da hankali. Shari'ar duka a nan ta tsaya.

Suka kawo maƙwabta biyu, suka faɗi abin da suka gani, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba. Sun ga yawu, sun ga rawar hannu. Ba wanda ya tambaye su ko kafin magani ne ko bayansa.

Kawuna ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ga takardar Yamai, ita ce ta baya, kuma da na'ura aka duba ta."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wan tsohon mijina ya ce, "Af, farfaɗiya ce ma? Ai gara haukar. Ta faɗa wuta da yarinya a baya fa? Ga shi kwano ɗaya suke ci, ta shafa mata."

Nan jikina ya yi sanyi. Takardar da na ɗauko daga Yamai don ta wanke ni, ita aka juya aka doke ni da ita. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta kwano, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da tashinta in sun samu magani daidai. Amma je ka faɗa wa tsohuwar da ta taso tana ganin ana ware wa mai farfaɗiya moɗarsa.

Alƙalin bai ɗauki maganar shafawa ba, na yaba masa a nan. Ya dai ce shi ba likita ba ne, ba zai zaɓi takarda ɗaya ya yar da ɗaya ba. Ya ba da umarni likita na uku ya duba ni ya kawo rahoto. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya bar yarinyar wurin kakarta kafin nan, wai kada a yi ta yawo da ita. Wato waɗanda suka ɗauke ta ba izini su suka ci ribar jiran. Ni aka ba ni ranar Juma'a, daga la'asar zuwa magariba, kuma a tsakar gidansu.

Yadda Juma'ar farko ta kasance, da abin da aka koya wa ɗiyata ta kira ni da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.