Ezinne Kalu da shekarun da ba a haska a talabijin ba

Mafi yawan mutanen da na sani a nan Sakkwato ba su taɓa jin sunan Ezinne Kalu ba sai ranar 29 ga Yulin 2024, lokacin da D'Tigress, tawagar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka lallasa Ostireliya da maki 75 da 62 a birnin Lille na Faransa, a gasar Olamfik ta Faris. Ita kaɗai ta zuba 19. Daga nan kowa ya zama masanin ƙwallon kwando a WhatsApp, har da waɗanda ba su san mutum nawa ke shiga fili ba (biyar ne kowane ɓangare). Ni da na yi wasan a sakandare, a filin simintin da ke gasa tafin ƙafa tun kafin azahar, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarunta. Talatin da biyu take da su a ranar.

A Newark ta jihar New Jersey a Amurka aka haife ta a 1992. Ta yi jami'ar Savannah State, wadda ba ta cikin manyan makarantun da masu farautar 'yan wasa ke yi wa zarya. Tsawonta ma bai taka kara ya karya ba a wannan wasa, kusan mita 1.73, ita ce mai raba ƙwallo da tsara hari. Da ta gama a 2015, babu ƙungiyar WNBA, babbar gasar ƙwallon kwandon mata ta Amurka, da ta ɗauke ta. Ba abin mamaki ba ne, domin a lokacin ƙungiyoyi 12 ne kacal a gasar, kowace da 'yan wasa 12. Gurbi 144 ke nan ga matan duniya baki ɗaya.

Sai ta ɗauki jaka ta nufi Turai. Mu mutanen Sakkwato mun san cin rani, kuma wannan shi ne, sai dai nasu da hunturu ake fita. A sa hannu a kwantiragin kaka ɗaya, a tafi wajen Oktoba, a dawo wajen Mayu, badi kuma sai inda hali ya yi. Ta buga a Fotugal, ta buga a Hungari, ta zo ta zauna a Landerneau, wani ɗan ƙaramin gari a yammacin Faransa. Baƙuwar 'yar wasa a irin waɗannan ƙungiyoyi ba ta da uzuri. Don maki aka kawo ta, in ta yi makonni hannu bai faɗa ba, ko gwiwa ta motsa, akwai wata a layi.

A tsakankanin haka take sa rigar Najeriya. Tana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Afirka a Bamako a 2017, suka kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta Tenerife a 2018. Wasan da nake komawa in kalla a YouTube shi ne na ƙarshe a Dakar a 2019: Senegal a gidanta, fili cike, ganguna ba su tsaya ba, Najeriya ta ci 60 da 55, aka ba Kalu kyautar gwarzuwar gasa. A lura da yadda take saukar da kafaɗa ta kutsa tsakanin dogaye, ta ja laifi, ta tashi ta je layin jifa ko gezau. Wannan taurin kai ba a atisaye ake koyon sa ba.

Abin da har gobe nake jin haushinsa 2022 ne. Matan nan sun sha wuya sun samo gurbin gasar duniya a Sydney, sai gwamnati ta ce ta janye Najeriya daga wasannin ƙwallon kwando na ƙasa da ƙasa saboda rikicin shugabancin hukumar wasan. Kafin a lashe aman, an ba Mali gurbin. Maza suna rigimar kujera, mata suka biya. 'Yar wasa mai shekara talatin gasar duniya nawa ta rage mata?

Shi ya sa Faris ta yi mini daɗi. Bayan nasarar kan Ostireliya, matan namu suka doke Kanada 79 da 70, Kalu ta ci 21, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Amurka ta tsayar da su 88 da 74. Aka zaɓi kociyarsu Rena Wakama gwarzuwar masu horarwa. Bayan gasar ne ƙungiyar Atlanta Dream ta WNBA ta kira Kalu, shekara tara bayan an tsallake ta.

Ɗiyar yayata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, ta riga ta fi ni tsawo, kuma tana da hannu. Da na kawo maganar a gidansu a Mabera, Yaya ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa.

"Ke dai ba ki rabo da neman magana. Da wane kaya za ta yi shi?"

Na ce, "Yaya, tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta yarda a buga da ɗankwali. Dogon wando da riga mai hannu ma ba wanda ya hana."

"To ina filin? Wa zai koya mata?"

Nan kam ta kama ni. Kwandon makarantarsu ƙarfen ya lanƙwashe, raga babu, kuma malamin motsa jiki ƙwallon ƙafa kawai ya sani. Na dai kai wa wani mai walda a kan hanyar Ahmadu Bello awon zobe, inci 18, ya ce in dawo ranar Laraba. Baban yarinyar ne ban tunkara ba tukuna, Yaya ta ce in bari sai ya ci tuwon dare.