Daga babbar motar kwana zuwa ƙaramar tirela: abin da nake gani a garejina

Garejina yana wajen garin Dallas a jihar Texas ta Amurka, ni da yara biyu muke aiki a ciki. Sana'armu sayar da tirelolin kwana na hannu, da ɗaura wa motoci ƙugiyar ja da na'urar birki. In na ce tirela kada hankalinku ya tafi kan mai ɗaukar siminti. Wannan ɗaki ne a kan taya, da gado da murhu da banɗaki a ciki, ana maƙala shi a bayan a-kori-kura a tafi yawon buɗe ido. Akwai kuma babbar yayarta, motar kwana mai injinta da sitiyarinta, wadda tsawonta kan kai ƙafa 40 har 45. Yawancin irin waɗannan kaya a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, inda manyan kamfanoni irin su Thor da Forest River suke.

Mafi yawan masu shigo mini dattawa ne da suka yi ritaya, miji da mata, waɗanda suka shekara da shekaru suna tuƙa babbar motar. Yanzu gwiwa ta fara ciwo, ido ya rage, ga mai da take sha, galan ɗaya bai cika kai ta mil 10 ba. Ga kuɗin inshora, ga kuɗin wurin ajiya, ga injin da ke buƙatar gyara ko da ta wuni a tsaye. Kuma in sun isa masauki ba za su shiga kasuwa da ita ba, dole su jawo wata ƙaramar mota a bayanta. Sai su yanke shawarar sayar da ita su koma ƙaramar tirela. Shawara ce mai kyau, ina goyon bayanta, amma ba na barin kowa ya leƙa cikin tirela sai mun fara zuwa wurin motar da za ta ja ta.

Nan ne aikin yake. Idan ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai wata sitika da ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Mutane ba sa duba ta. Abin da suke riƙewa shi ne lambar da ake tallata motar da ita, wai tana jan nauyin fam dubu tara ko dubu goma (fam shi ne ma'aunin nauyi a nan Amurka). To amma tirela ba ja kawai ake yi ba, bakinta yana danne bayan motar, kuma ƙa'ida ita ce wannan dannin ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya. Mu ɗauka tirela ta kai fam 5,000 da kayanta. Kenan fam 500 zuwa 750 na zaune a kan ƙugiya. Idan sitikar ta ce fam 1,500, ka cire wannan, ka cire nauyin maigida da uwargida, da ƙarfen ƙugiyar kansa, da janareta da akwatin kayan aiki da karen da ba sa tafiya sai da shi. Kafin ka ankara lissafi ya ƙare. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima gabanta yana ɗagawa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, birki ya rage ci. In kuma bakin tirelar ya yi rashin nauyi saboda an jibge kaya a baya, da babbar mota ta wuce ku a kan hanya sai ta fara lilo, kuma lilon nan shi ke kifar da mutane.

Nauyin da ake rubutawa a takardar talla na tirela ne tana fanko, babu ruwa, babu tukunyar gas, babu ko cokali. Galan ɗaya na ruwa ya ɗan haura fam 8, tanki mai galan 30 kuwa fam 250 kenan. Shi ya sa nake lissafi da lambar iyakar nauyi da ke manne a gefen tirelar ta hagu, kuma bayan ciniki nake roƙon kowa ya loda kayansa ya je sikelin CAT da ke gidajen man manyan motoci ya auna. Kuɗin kaɗan ne.

Sai mun gama da wannan muke shiga ciki. Wanda ya saba da falo da firji irin na gida, in ya shiga tirela mai ƙafa 17 sai ya yi shiru. Nakan ce musu su kwanta a gadon su biyu, su rufe ƙofar banɗaki su zauna, su gwada wucewa ɗaya yana gaban murhu. A ƙananan da yawa wurin wanka da masai wuri ɗaya ne, in ka yi wanka komai ya jiƙe. A wasu kuma teburin cin abinci shi ne gadon, kullum dare a naɗe, kullum safe a shimfiɗa. Saurayi ba zai damu ba, amma mai shekara 70 da ciwon baya zai gaji da hakan tun kafin wata ya ƙare. Gara a ƙara ƙafa biyu ko uku a samu gadon da ba a taɓa shi.

Ina son tirelolin nan masu jikin faiba da ake zubawa kamar kwale-kwale, irin Casita da ake yi a garin Rice, kudu da mu kaɗan, ko Scamp ta Backus a jihar Minnesota. Haɗinsu kaɗan ne, don haka ruwa bai cika samun hanya ba, kuma suna riƙe darajarsu in an tashi sayarwa. Ruwa shi ne babban abokin gabar wannan sana'a. Duk tirelar hannu da aka kawo mini, tsani nake fara ɗaukowa in hau rufi in duba gam ɗin da ke kewaye da tagar iska. Daga nan in taka kowane lungu na daɓen da diddige, in ya lotsa an gama magana. Sai hanci: warin danshi ba ya ɓoyuwa ko an fesa turare. Taya kuma ba zanenta nake kallo ba, lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta nake karantawa, su ke faɗin mako da shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara biyar ko shida muna canza ta, ko da tana ƙyalli. A shekarar 2021 kamfanoni sun fitar da irin waɗannan kaya sama da 600,000 saboda rububin lokacin korona, kuma na waɗannan shekarun nake ƙara tsananta wa bincike, don an yi aikinsu cikin gaggawa.

Akwai gaskiyar da nake faɗa ko da za ta hana ni ciniki. Ƙaramar tirela ba ta rage aikin jiki. A babbar mota kana tsayawa ka danna maɓalli ta daidaita kanta. A nan sai ka durƙusa ka ɗaura sarƙa, ka sa waigi a taya, ka ɗaga sandunan ƙarfe masu nauyin gaske da ke raba nauyin bakin tirela tsakanin tayoyin gaba da na baya. Uwargida ba za ta tashi ta haɗa shayi ana cikin tafiya ba, domin ba a zama a cikin tirela tana gudu. Ribas ma sabon karatu ne, kuma gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin lanƙwashewa gefe. Saboda haka nake sa jak mai aiki da batir a bakin kowace tirela da dattijo ya saya, sannan ranar ɗauka mu fita filin bayan gareji, in jera robobi, in ce ya sa hannu a ƙasan sitiyari ya tura shi ɓangaren da yake so bayan tirelar ya bi. Matar ma sai ta zauna ta gwada, don wata rana ita za ta dawo da su gida. Ba na miƙa makulli sai kowannensu ya ɗaura ya kwance da hannunsa ba tare da na ce uffan ba.