Littafin Kakan Dattijon Kazan

Yau bayan an idar da sallar Juma'a a masallacin Marjani da ke birnin Kazan a ƙasar Rasha, wani dattijo Batatare, wato ɗan ƙabilar Tatar, ya ja ni gefe, jikansa na yi mana tafinta. Ya zaro wani ɗan littafi daga cikin kwat ɗinsa, takardun duk sun yi ja, gefensu ya cinye. Rubutun hannun kakansa ne, da harshen Tatar amma da haruffan Larabci, tamkar ajaminmu. Na ce, “Baba, bari in gwada.” Na bi baƙaƙen da yatsa ina furtawa ba tare da na san ma'ana ba, shi kuwa yana gyaɗa kai, hawaye na zubo masa. Jikan ya san harshen, amma ko layi ɗaya ba ya iya karantawa.

A zamanin Tarayyar Sobiyet aka raba mutanen Tatar da wannan rubutu. An mayar da su haruffan Latin a ƙarshen shekarun 1920, sannan na Rashanci a 1939. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Akwai takardun ajamin Malam kakanmu a adakar Hajiya a gida, kuma ina so yaranmu su iya karanta su.