Akun Hajiya a kan katanga

Yau Asabar, na kwanta da niyyar rama barcin mako, amma ƙarfe takwas ba ta yi ba na ji salatin Hajiya a tsakar gida. Na fito ko takalmi ban tsaya nema ba.

Akunta ne. Kullum da safe takan buɗe masa ya fito ya hau saman keji ya sha hantsi, tana miƙa masa gyaɗa yana kwaikwayon tarin Kawu da barar almajirai. An daɗe ana haka ba a taɓa samun matsala ba, saboda an rage masa gashin fiffike, iyakarsa ya yi tsalle ya dira ƙasa ya taka sayyada. Yau ƙanwata ta saki murfin tukunya a kan siminti, ƙarar ta firgita shi, ga iskar hunturu tana kaɗawa, sai ganinsa aka yi ya tsallake igiyar shanya ya sauka kan katanga. Daga katangarmu zuwa rufin maƙwabta taku ɗaya ne, daga nan kuwa kwanukan Gwammaja ne a jere har gindin Dala.

Kafin ka ce me, yaran layi sun cika zaure, wannan da sanda, wancan har ya ɗauko danƙo. Kawu ne ya kora su waje ya tura ƙofa, ya ce kowa ya yi shiru, kada wanda ya ɗaga hannu. Tsuntsun da ya girma a keji tsoro ne ke kai shi sama, amma sauka daga bisa sai wanda ya saba, shi kuwa wannan bai taɓa koya ba. Yana tsaye yana ta sunkuyo da kai yana buɗe fikafikai, ya so ya sauko ya kasa. Idan aka matsa masa gaba zai yi, ba baya ba. Ni abin da ya ɗaga min hankali shirwa ce da na hango tana shawagi can sama.

Muka jingina tsani a hankali nesa da shi kaɗan, muka ɗora kejin a kan duron ruwa da ƙofarsa a buɗe. Hajiya ta tsaya inda zai gan ta, da dabino a tafin hannu, tana kiransa da muryar da take kiransa kullum, duk da na ga hannun yana rawa. Ya daɗe yana kallonta da ido ɗaya. Can ya fara takowa a karkace bisa katangar har ya iso kan tsanin, ya kama matakin farko da baki, ya saki ƙafa, ya sake kamawa, haka har ya iso daidai kafaɗarta. Da ya karɓi dabinon sai ya yi tarin Kawu. Duk muka fashe da dariya, ban da Hajiya da ke goge ido da bakin mayafi.

Marigayi Baba ne ya zo mata da shi daga kudu tun ina firamare. Irin mai ruwan toka da jar wutsiya ne, na dazuzzukan kudancin ƙasar nan da Kamaru da Kongo, kuma a hannun mutane suna iya haura shekara 40. Tun 2016, a taron da aka yi a Johannesburg, aka hana cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa saboda yadda suke ƙarewa. Ka ga ba abin da za a ce a je kasuwa a sayo wani ba ne, kuma da ya faɗa hannun wani a bayan layi, ba na jin cigiya a masallaci za ta dawo da shi.

Da hankali ya kwanta sai gardama ta tashi. Kawu mai tattabaru ne tun kafin a haife ni, ya ce in kawo shi ya fige masa fiffike ɗaya a wuce wurin. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan ba tattabara ba ce." Ya ce, "Kai yaro, tsuntsu ai tsuntsu ne." Ban ja da shi ba, amma ban miƙa ba. Dabararsa tana aiki a wurin tattabara: a ɗaure wa sabuwa gashin fiffike da zare har ta samu miji ta saba da akurki, daga nan ko ta je Kurna da yamma za ta dawo, domin ita gida take riƙewa. Aku mutum yake riƙewa, bai san yadda gidanmu yake daga sama ba. Figa kuma akwai zafi, sannan gashin da aka tumɓuke cikin makonni yake sake tsirowa, alhali wanda aka yanke yana nan a guntule har lokacin da tsuntsun zai zubar da shi da kansa.

Bayan azahar na lulluɓe kejin da zane na tari adaidaita sahu zuwa wurin wani likitan dabbobi ta wajen titin Gidan Zoo. Abin da na gani a can ne ya sa na zauna rubutun nan.

Yaronsa ya naɗe akun cikin tawul, ya riƙe kan ta ƙasan muƙamuƙi da yatsu, likitan yana ce masa kada ya danne ƙirji, domin tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in aka matse sai ya shaƙe. Sannan ya ware fiffiken a gaban taga ya ƙirga min dogayen gashin da ke can ƙarshe, guda 10 a kowane ɓangare, su ne ke tura shi gaba idan zai tashi. Duk guntayen da aka yanke a da sun zube, sababbi sun maye gurbinsu, sumul, ba wanda ya lura a gida saboda in ya naɗe fiffike ba a gani. Ya nuna min guda ɗaya da karansa ya yi duhu, ya kumbura, ba fari fes irin na sauran ba. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Bai gama girma ba, akwai jini a ciki. In almakashi ya taɓa shi jini zai yi ta zuba, tsuntsu kuwa jininsa ba yawa." Ya ce in tsautsayi ya sa irinsa ya karye a gida, a danna garin fulawa a wurin a riƙe, a garzayo da shi.

Guda 4 ya yanke a dama, 4 a hagu, daga na waje, ya bar na kusa da jiki domin da su yake rage gudu idan zai sauka. Na gaya masa shawarar fiffike ɗaya, ya girgiza kai ya ce haka tsuntsu ke juyawa a iska ya faɗo ta gefe. Wannan irin kuma jikinsa da nauyi, ya kusa rabin kilo, in aka zarce da yanka faɗowa yake tim a kan ƙirji har fatar wurin ta tsage. Ya shimfiɗa bargo ya sake shi daga tsayin ƙugu, ya sauko a hankali can gaba kaɗan, ya miƙe yana zazzaga mana masifa.

Da zan fito ya ƙara da cewa kada mu saki jiki. Gashi 2 ko 3 kawai suka fito, aka samu iska da firgita, zai sake tashi, kuma wanda aka rage wa fiffike in ya fita ya fi shiga haɗari, don ko mage ba zai tsere wa ba.

Hajiya ta karɓe shi tana dudduba fikafikan, ta ce ita dai tsoronta kada a ce ta zalunci bawan Allah. Na tuna mata hadisin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi Annabi (SAW) bai hana ba, wanda malamai suka kafa hujja da shi cewa ya halatta a riƙe tsuntsu muddin ana ba shi haƙƙinsa. Ta ce ta sani, amma ba ta ji daɗin yadda akun ya juya mata baya ba. Gaskiya ni ma da so samu ne a bar masa gashinsa ya riƙa tashi a inda ba zai fita ba. Tsakar gidan Bahaushe a buɗe take har sama, ɗakuna kuma ga fanka tana juyawa, ga labule a madadin ƙofa, ga 'yan talla da baƙi suna shige da fice.

Shi ya sa bayan la'asar na kira mai walda ya auna barandar Hajiya, za a kewaye ta da wayar raga mai kauri, domin ragar sauro a yini ɗaya zai yaga ta da baki. Na sayo ƙaramin kwaɗo ma, tunda ƙanwata ta ce ta sha ganinsa yana zare sakatar kejin. Kawu yana zaune a kan tabarma yana jinmu, ya ce kuɗin ragar nan sun isa a sayi tattabaru su cika gidan. Hajiya ta ce masa in ya samu wadda za ta amsa mata sallama ya kawo. Mai walda ya ce Litinin zai fara aiki, in an kawo wuta.